Hannun Burodi Mai Yatsu Biyar

Laraba, 10 ga Yuli, da la'asar

Dinarte ne ya kira ni, mai jirgin da 'yata Noémia ke fita da shi. Ina bayan gida ina haƙar gwaza. Ya ce, "Dona Albertina, kada ki tsorata." Duk wanda ya soma magana da haka ya riga ya gama ta. Ya ce sun zarce da ita asibitin da ke tsibirin Faial, idonta biyu, har tana zaginsa. Na ce in dai tana zagi, da sauƙi.

Na rufe kaji, na wanke hannu, na sake riga. Ban yi gudu ba. Mace mai shekaruna ba ta gudu a titi ana kallonta. Ina cikin jirgin fito yanzu. Ruwa ya kwanta luf, kamar bai san komai ba.

Alhamis, 11 ga Yuli, da safe

Kifin shak ne. Na rubuta sunansa sau ɗaya, ba zan ƙara ba. A hannun dama ya cije ta.

Tun ranar da ta dawo daga karatu da kyamarar nan nake faɗa. Allah ya ba kifi ruwa, ya ba mutum tudu, kuma bai yi kuskure a rabon ba. Mace mai shekara talatin da shida, ba miji ba ɗa, tana reto a jikin igiya ƙarƙashin jirgi, wai tana ɗaukar hoton abin da ke cin nama. Ubanta Serafim ya ƙare rayuwarsa yana kamun kifi a ruwan nan, bai taɓa tsoma kansa ciki da gangan ba, kuma a kan gadonsa ya mutu. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ban faɗa mata haka ba. Ba a shurin wanda ke ƙasa.

Jiya da aka tura ta ɗakin tiyata na durƙusa a baranda, a gaban ƙanena Tibério da maƙwabciyata Lucília, wadda ta riƙe ta ranar baftisma. Na yi wa Ruhu Mai Tsarki wa'adi da muryata, ba a zuci ba: in ta fito da rai, ni zan ciyar da unguwa miya da nama a idin Agusta, zan kai burodi mai siffar hannu ɗakin addu'arsa kamar yadda ake yi, kuma ƙafarta ba za ta ƙara shiga teku ba.

Tibério, da ke kirana Mana, wato yaya, ya ce, "Mana, ita ta san da wannan na ƙarshen?"

Na ce ba sai ta sani ba.

Ta fito da rai. Shi ya cika nasa. Saura ni.

Asabar, 13 ga Yuli, da hantsi

An kwance bandejin a gabana. Na kalli taga.

Talata, 16 ga Yuli, da yamma

Mun dawo gida. Ba ta tambayi yadda na yi kwanakin nan a kan kujerar asibiti ba. Abin da ta fara tambaya shi ne kyamara. Dinarte ya kawo ta tun jiya, a cikin akwatinta na ƙarfe da gilashi mai hana ruwa shiga, na ɗora ta can saman kabad. Na ce ban san inda take ba. Ta ɗaga kai ta kalli kabad, ta kalle ni, ta hau sama.

Ɗana Gilberto ya kira daga Amerika. Ya tambayi ƙanwarsa, ya ce in yi haƙuri, matarsa ta kira shi, ya ajiye. Haihuwa ke nan. Ɗaya ya ba ka murya, ɗaya ta ba ka ƙeya.

Lahadi, 21 ga Yuli, bayan coci

Kowa da tambayarsa a bakin ƙofa. Masu jaje kaɗan ne, masu son labari su ne da yawa. Wata har cewa ta yi ta gani a waya. Na ce mata ranar Ubangiji ce, ta ajiye wayar.

Tibério na tsaye da abokansa masunta, suna hirar farashin mai. Da na zo wucewa na ce da Serafim na da rai, da abin nan bai ƙara kwana a ruwa ba. Magana ce kawai ta bazawara. Tibério ya juya ya dubi abokansa.

Laraba, 24 ga Yuli, da rana

Yau ta yi magana. Ina ɓare wake, tana zaune da hannun a kan matashi. Ban tambaye ta ba, cewa kawai na yi ban san abin da mai hankali ke nema a can ba.

Mãe take kirana, wato uwa. Ta ce, "Mãe, kin taɓa zama inda babu sama babu ƙasa? Shuɗi ne kawai, gaba da baya. Ki riƙe igiya ki jira. Wata rana ki yi rabin yini ba kya jin komai sai numfashinki. Can sai ki ga ɗan tabo a ƙasa, kamar hakin ido. Sai ya yi tsawo. Ba ya sauri, Mãe, bai taɓa sauri ba. Ya zagaya ki, ya dawo, ya sa hanci a gilashin kyamara kamar maraƙi na shinshinar bokiti."

Na ce, "Ba kya jin tsoro?"

"In ina leƙe ta kyamara, a'a. Gilashi na mai da shi nesa. Sai na sauke ta nake tuna ga shi ga ni, ba komai a tsakani. A nan zuciyata ke bugawa har a haƙora. Amma in ya juyo da idon nan nasa, kallona kawai yake. Ba ya neman in gyaru."

Na gane inda maganar ta dosa. Na ci gaba da ɓare wakena.

Wai laifinta ne. Ta cire safar hannu don ta gyara wani maɓalli, guntun kifin da ake jawo su da shi ya biyo ta gabanta, ta kai hannu ta ture. Wai ƙarami ne ma, bai kai ta tsawo ba, kuma nan take ya saki, "kamar wanda ya ɗauki kofin wani a kuskure." Har uzuri take ba shi. Ni ba ta taɓa ba ni uzuri ba.

Asabar, 27 ga Yuli, da la'asar

Tibério ya zo yana dukan ƙofa, yana warin giya da ƙarni. "Mana! Fito ki ga surukinki, na kawo shi gaisuwa!"

Kafin in rufe masa baki Noémia ta sauko. Da silifas ta bi shi har bakin ruwa, ni ina biye.

Sun rataye kifin ta jela a ƙugiyar da ake ɗaga jirage da ita. Ya fi mutum tsawo. Maza sun kewaye shi suna ba Tibério hannu, baƙi 'yan yawon buɗe ido suna ta hoto.

Ta ce, "Kawu Tibério, wa ya aike ka?"

Ya sosa ƙeya. "Ai ramuwa ce, 'yata."

"Ba shi ba ne."

"Duk ubansu ɗaya."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta matsa ta ɗora hannun hagu a bayansa, ta ce, "Duba, Mãe. Toka-toka. A ruwa shuɗinsa babu irinsa a kanti, babu shi a gilashin coci. Da ya mutu yake tafiya. Shi nake ta bi duk shekarun nan, ban taɓa kamo shi daidai ba."

Wata baƙuwa ta miƙo mata waya, tana nuna a ɗauke ta da shi. Sai ta ga bandejin, ta janye.

A hanya Noémia ta ce, "Me kika ce masa?" Na ce ni ban aiki kowa ba. Kuma gaskiya ce, ban aike shi ba.

Tibério ya aiko da tsokar naman kifin. Na binne ta a gindin ɓaure.

Litinin, 29 ga Yuli, da yamma

Ba ta sauko ba.

Laraba, 31 ga Yuli, da yamma

Ba ta sauko ba. Hazo ya rufe dutse tun safe. Na yi magana da kaji.

Lahadi, 4 ga Agusta, da rana

Tana saukowa yanzu, in ina coci ko ina gona. Ina dawowa in tarar an wanke kofi ɗaya an kife. Mu biyu a gida ɗaya kamar masu gadi, in wannan ya shiga wancan ya fita. A zamaninmu ko uwarka ta mare ka, kai za ka zo ka gaishe ta da safe.

Kyamarar ba ta saman kabad. Ban san yadda ta sauko da ita da hannu ɗaya ba.

Juma'a, 16 ga Agusta, da hantsi

An yanka saniya, mata sun cika kicin ɗin idi. Lucília ce ke yin burodin wa'adi a unguwar nan tun rasuwar uwarta: ƙafa ga wanda ƙafarsa ta warke, jariri ga wadda ta sauka lafiya. Ta mulmula damtse, ta yi tafi, sai ta tsaya da ƙullu a hannu.

Ta ce, "Comadre," haka uwar 'ya da mai riƙon baftisma ke kiran juna, "yatsu nawa zan yi?"

Na ce wace irin tambaya ce wannan.

"To ai na ga..."

"Biyar Allah ya ba ta."

"Haka ne, amma shi wa'adi..."

"Biyar, Lucília."

Ta yi biyar. Har farce ta zana musu da bakin cokali.

Lahadi, 18 ga Agusta, da almuru

Miya ta yi. Kowa ya ci ya ƙoshi, ba wanda zai ce gidan Serafim ya yi rowa. Noémia ta zo, da rigar kirki, ta zauna kusa da ni. Na ce a raina an fara shiryuwa.

Sai Lucília ta sha kofi na uku na giya. Ta rungume ta tana hawaye. "Ke dai kin tsira, 'yata. Ke da teku har abada. Uwarki ta yi wa'adi a gabana, gwiwa a ƙasa."

Noémia ta juyo ta dube ni. Ban sunkuyar da kai ba, don ban yi abin kunya ba.

Ta tashi ta shiga ɗakin Ruhu Mai Tsarki, inda aka jera burodin bayan Fada, limamin coci, ya sa musu albarka. Ƙofar a buɗe take, kowa na gani. Ta ɗauki hannun burodin, ta karya manuniya, ta karya ta tsakiya, yatsun da ta rasa. Ta dawo tana tauna ɗaya, ta ajiye ɗayar a farantina.

"Kada a yi masa ƙarya, Mãe. Ya iya lissafi."

Na ɗauka na ci, don ba a zubar da burodin da aka sa wa albarka.

Alhamis, 22 ga Agusta, da safe

Tana tsakar gida tana ɗaukar kaji hoto. Da yatsan zobe take dannawa. Kyamarar ta kuɓuce mata sau biyu, ta yi ashar irin na ubanta.

Talata, 3 ga Satumba, da safe

Dinarte ya tsaya da mota a ƙofar gida. Bai iya haɗa ido da ni ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Akwai wa'adi a kanki."

Ta ce, "A kanki dai," ta raɓa ta wuce.

Ranar, da azahar

Sun dawo da wuri. Ta shige ciki. Na tare Dinarte a bakin shinge.

Ya ce, "Ta shiga lafiya lau, Dona Albertina. Ta kama igiya. Guda ɗaya ya taso, ɗan ƙarami, ko kusa bai zo ba. Sai na ga ta saki kyamara tana reto a jikinta, tana hawowa kamar ana jan ta. Ta yi ta amai. Na san Noémia tun muna makaranta, ban taɓa ganin ta haka ba."

Na ce masa ya gaida uwarsa.

Alhamis, 5 ga Satumba, da yamma

Sun sake fita. Wai ko tsanin jirgi ba ta taka ba.

Juma'a, 6 ga Satumba, da hantsi

Lucília ta shigo da guɗa. "An karɓa, comadre! An karɓa!" Na ce ta rage murya, yarinyar na sama. Na kunna kyandir na godiya kamar yadda ya kamata. Hannuna ya yi aikinsa.

Talata, 10 ga Satumba, da yamma

Ta yi shara. Ta yi wanke-wanke. Na ce a kwashe shanya, ta ce to, Mãe. Na ce gashinta na son tsefewa, ta ce to, Mãe. Na ce Lahadi za mu coci tare, ta ce to. Da gangan na ce ubanta bai iya kamun kifi ba, don in ji ta tashi. Ta ce to.

Yarinyar da nake roƙo ke nan tun tana goye. Ban san ta ba.

Alhamis, 12 ga Satumba, da rana

Ta faɗa mini muna cin abinci, kamar mai zancen ruwan sama. Wani zai zo daga Faial ranar Litinin ya sayi kyamarar da kayan nutso duka. Ta yi magana da Gilberto. Akwai wani a garinsu mai ɗaukar hoton biki da suna, yana neman mai taya shi.

Na ce, "Gidan ubanki fa?"

"Me zan zauna yi, Mãe? In kalli teku ta taga?"

Duk sa'o'inta sun tafi tun da daɗewa, wasu Lisbon, wasu Amerika. Ita kaɗai ta dawo ta zauna. Nakan faɗa wa mata a coci cewa tarbiyya ce. Ban taɓa tambayar kaina abin da ya riƙe ta a tsibirin nan ba. Na ɗauka ni ce.

Asabar, 14 ga Satumba, da la'asar

Na je wurin Fada Anselmo, wanda na sani tun yana satar ɓaure a gonarmu. Na tambaye shi ko wa'adi na kwantuwa.

Ya ce, "Miya kin bayar, burodi kin kai. Na ukun kuwa, Dona Albertina, ba a yanka saniyar maƙwabci a ciyar da unguwa."

Na ce amma ai an riga an karɓa.

"Tsoro ne take ji, ba mu'ujiza ba ce. Ruhu Mai Tsarki ba ya karya gwiwar mutum don ya faranta wa uwarsa."

Fadan zamani. Komai a wurinsu da sauƙi. Ba shi ya durƙusa a barandar nan ba, ba kuma shi zai amsa tambaya ba in wani abu ya same ta. Na ce masa rigarsa na son guga, na fito.

Lahadi, 15 ga Satumba, da yamma

In ta shiga, ina iya rasa ta. In ba ta shiga ba, na riga na rasa ta. Na juya shi ta kowace fuska. Ba wanda zan tambaya. Serafim ya bar ni da wannan ni kaɗai.

Litinin, 16 ga Satumba, da almuru

Mutumin ya zo tana asibiti ana mata gashin ƙashi a hannun. Saurayi ne mai ladabi, da ɗan kunne. Na ce masa gidan nan nawa ne, kuma yau ba abin da zai fita daga cikinsa. Na ba shi kofi da cuku, na nuna masa lokacin jirgin fito.

Ta dawo ya riga ya kira ta. Yau kam ba "to".

"Wa ya ba ki izini?"

"Wanda ya ba ni ke."

"Me kike so da ni, Mãe? Kin roƙa, an ba ki! Ga ni a tudu. Ki yi rawa mana!"

Na ce ta rage murya, ba a kasuwa muke ba. Na ce, "In za ki bari, ki bari da ƙafarki, ranar da kika ga dama. Amma ban haifi wadda kifi zai kora Amerika ba. Ki sauka ki ɗauko hotonsa. In kin fito kika ce kin gama, ni zan kira mai ɗan kunnen da kaina."

Ta ce, "Wa'adinki fa?"

"Wannan tsakanina da shi ne. Ba ruwanki."

"Kin san ba zan iya ba."

"Ban tambaye ki ba."

Ta ce ba ta taɓa ganin mace mai taurin kai irina ba. Na ce ta nemi madubi.

Alhamis, 19 ga Satumba, da sassafe

Ta baje kaya a teburin kicin. Ta shafa wa zoben roba mai, ta zaunar da kyamarar a akwatinta. Maƙallan biyu ne, masu tauri. Ta rufe ɗaya, ɗayan ya ƙi. Ta gwada da hagu, ta gwada da haɓa. Sai ta turo mini shi ba tare da ta dube ni ba.

Na rufe. Da hannuna, wanda na ɗaga sama a baranda.

Motar ta tafi. Ban je bakin ruwa ba. Na bi ta gaban ɗakin Ruhu Mai Tsarki, a kulle yake. Na tsaya a kan matakala ban san da wace fuska zan yi masa magana ba. Na ce, "Ka gani dai." Na dawo gida.

Ranar, da la'asar sakaliya

Ta dawo leɓenta fari, gashi duk gishiri. Ta zauna ba ta cire takalmi ba, ta kunna kyamarar ta juyo mini da ita.

Na sa tabarau. Duhu-duhu ne, a karkace, da wani abu a gefe yana fita.

Na ce, "Mene ne wannan?"

"Jela. Rabin jela."

"Wannan ne hoton? Ko Tibério zai fi haka."

"Iyakar abin da na iya ke nan, Mãe. Kuka nake a cikin gilashin fuska, ba na ganin komai. Dannawa kawai na yi." Ta goge hanci da bayan hannu kamar 'yar yaye. "Amma ban saki igiya ba. Sai da ya tafi don kansa."

Na ce ta cire takalmi, ba a shiga mini kicin da yashi.

Ba ta ce ta gama ba. Ina jin ta yanzu a tsakar gida tana ɗauraye kayan da ruwan famfo, tana faɗa da Dinarte a waya kan ranar Asabar, in iska ta bari.

Tsoro ya dawo ya zauna a ƙarƙashin haƙarƙarina, inda ya saba zama duk ranar da jirgin nan ya fita. Na matsa na ba shi wuri.